Kabu-kabun da ya makara sau ɗaya: abin da ake aunawa a RTOS, manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki kan lokaci

[Hoto: teburin mai gyaran na'urori a Yamai, allon ESP32 a tafin hannu]

Kwana biyun nan tambaya ɗaya ke ta dawo mana: "Tunda ESP32 yana gudu har megahaz 240, ai ya fi STM32 mai 72 iya aikin kan lokaci ko?" ESP32 da STM32 ƙananan kwamfutoci ne da ake sawa cikin na'urori, megahaz kuma ma'aunin saurinsu ne. Malam, jawo kujera.

Bari mu share fage da sauri. A cikin wannan ɗan allo mai girman akwatin ashana akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira kanel. Ita ce mai rabon lokaci: kowane aiki da matsayinsa, wanda ya fi matsayi kuma ya shirya, shi ake bai wa fili nan take. Irin wannan manhaja ake kira RTOS. FreeRTOS da ke cikin ESP32, Richard Barry ya fitar da ita a 2003, Amazon ta karɓi ragamarta a 2017. Akwai Zephyr, akwai VxWorks. Sunaye ke nan, mu wuce.

[Hoto: Gadar Kennedy da safe, babura da motoci]

Ga inda ake tuntuɓe. Kana da jarrabawa ƙarfe 8 a Jami'ar Abdou Moumouni, sai ka haye gada. Masu kabu-kabu biyu ne a unguwarku. Na farko ɗan ganganci ne, minti 10 ya sauke ka, amma wata rana sai ya tsaya shan mai, ya tsaya gaisawa da abokinsa, ka ga minti 40. Na biyu dattijo ne, kullum minti 18, bai taɓa wuce 20 ba. Ranar jarrabawa wa za ka kira?

To, na'urar da ke juya wutar hasken rana ta koma ta famfon rijiya, kullum ranar jarrabawarta ce. In tana kunna wuta tana kashewa sau 20,000 a sakan guda, mikrosakan 50 kacal gare ta a kowane zagaye (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Ta amsa cikin 5 sau miliyan, ba ta burge kowa ba, in dai sau ɗaya ta kai 60.

[Hoto: osiloskop, na'urar da ke zana siginar wuta a matsayin layi, waya biyu a ƙafafun allo]

Ga yadda ake kamo wannan sau ɗayan. Ƙafa ta farko muna aika mata sigina daga waje. Ta biyu, mun ce wa aikinmu ya kunna mata sigina da zarar ya farka. Tazarar da ke tsakanin layin sama da na ƙasa ita ce jinkiri. Yanzu danna maɓallin da ke hana tsoffin layuka gogewa. Kalli yadda suke taruwa wuri guda, gwanin sha'awa.

Kar ka yi murna tukuna, allon zaune yake ba aiki. Kunna masa Wi-Fi. Sa shi rubutu a ma'ajiyarsa. Ɗora masa duk kayan da zai ɗauka a gona, ka je ka sha shayi, ka bar shi ya kwana.

[Hoto: washegari, wani siririn layi can gefen dama]

Ka gan shi? Shi kaɗai, ya ware daga ƴan uwansa. Wannan ne lambar da za ka rubuta.

Takardar masu ƙera Cortex-M3, ƙwaƙwalwar da ke cikin wasu STM32, ta ce bugu 12 na agogo yake ɗauka ya amsa kira, wato bai kai mikrosakan ɗaya ba a megahaz 72. Gaskiya ne. Amma ba su san ka toshe kunnen na'urar, wato ka hana ta amsa kira na ɗan lokaci, a wani layi na manhajarka ba. Kuma don Allah a daina awo ta hanyar buga saƙo a allon kwamfuta; bugawar da kanta ta fi abin da kake aunawa daɗewa.

[Hoto: jan ƙasar duniyar Mars]

Har NASA ta taɓa shan wannan. A Yulin 1997 kumbonta Pathfinder ya sauka a Mars da VxWorks, sai ya riƙa kashe kansa yana tashi. Ashe ƙaramin aikin tattara bayanan yanayi ne ya riƙe makullin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin damar gamawa ya saki. Maigida a tsaye a ƙofa, makulli na aljihun yaro, yaron kuma wani ya aike shi kasuwa. Daga nan duniya aka aika gyara: duk wanda ya riƙe makulli, a ara masa matsayin mai jira har ya saki.

[Hoto: komawa tebur]

Masu Linux, ku nemi cyclictest, manhajar auna jinkiri. Zai ba ku Min, Avg da Max, wato jinkiri mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi tsawo. Ku rufe biyun farko da yatsa.