Bessie Coleman: Daga Gonar Auduga Zuwa Sararin Sama

Hajiya: Assalamu alaikum, masu sauraro. Auta, da ke zan fara yau. A wace shekara jirgin sama ya fara sauka a Kano?

Auta: 1925, Hajiya.

Hajiya: To tun shekara huɗu kafin nan, wata baƙar fata 'yar Amurka ta riga ta karɓi lasin tuƙin jirgi. Bessie Coleman. Malam, ba mu asalinta.

Malam: An haife ta a jihar Texas a 1892, 'yar talakawa ce tilis. Da tsintar auduga ta tashi, tana taya mahaifiyarta wankau. Da ta koma Chicago sai ta kama gyaran farce a wani shagon aski. A nan wanta, wanda ya dawo daga yaƙi a Faransa, ya riƙa tsokanar ta cewa matan can har jirgi suke tuƙawa.

Auta: Sai maganar ta zauna mata a rai.

Malam: Ƙwarai. Amma duk makarantar da ta nema a Amurka sai a ce a'a. Ga ta mace, ga ta baƙa.

Hajiya: Nan ne ta fi burge ni. Ta shiga ajin koyon Faransanci, ta yi ta tara 'yan kuɗinta, Robert Abbott mai jaridar Chicago Defender ya ƙarfafa mata gwiwa, ta hau jirgin ruwa zuwa Faransa a ƙarshen 1920. A makarantar Caudron da ke Le Crotoy ta yi karatu.

Auta: Wane irin jirgi ne a lokacin, Malam?

Malam: Katako ne da yadi, an ɗaure da wayoyi, fuka-fukai biyu sama da ƙasa, matuƙi na zaune a buɗe iska na dukan fuskarsa. A kan idonta wani ɗalibi ya faɗo ya mutu, amma ba ta fasa ba. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta samu lasin.

Auta: Ikon Allah! Da ta koma gida fa?

Hajiya: Wasan jirgi ta riƙa yi, jama'a na biya suna kallo. A garin Waxahachie inda ta girma, aka so a ware wa baƙaƙe ƙofar shiga daban. Ta ce ita kam ba za ta tashi ba sai kowa ya bi ta ƙofa ɗaya, kuma haka aka yi. Burinta ta buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi don 'yan'uwanta baƙaƙe.

Auta: Ta buɗe kuwa?

Malam: Kwana ya ƙare. Ranar 30 ga Afrilu 1926 a Jacksonville, makanikinta na tuƙi, ita kuma ba ta ɗaura bel ba don tana leƙen filin da za ta diro da lema washegari. Wani sifana da aka bari ya maƙale a kayan sarrafa jirgin, jirgin ya kife, ta faɗo. Shi ma makanikin bai tsira ba.

Hajiya: Shekararta 34 kacal. Wallahi duk lokacin da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi.