Yadda rabon gado ya yayyaga ƙasar Babariya

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? To, madalla.

Mu a nan, idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki kan zauna su fitar da mutum ɗaya daga gidan sarauta. Dukiyarsa ake rabawa, ƙasa kuwa tana nan ɗungurungum. A Jamus ta da ba haka abin yake ba. Sarakunansu sun ɗauki ƙasa tamkar gonar uba, kowane ɗa namiji sai ya sami yankinsa, da garuruwa da talakawan da ke ciki.

Mu ɗauki gidan Wittelsbach. A 1180 babban sarki Frederick Barbarossa ya ƙwace Babariya, wata ƙasa a kudancin Jamus, daga hannun Henry mai laƙabin Zaki, ya damƙa wa Otto na wannan gida. A 1255 'yan'uwa biyu suka raba ta. A 1392 aka sake rabo gida uku: Munik, Landshut da Ingolstadt. Ku lura, tun 1356 akwai dokar babban sarki Charles na Huɗu wadda ta hana raba ƙasashen masu zaɓen babban sarki, ta ce ɗan fari ne zai gada. Sai dai Babariya ba ta cikinsu, don haka dokar ba ta hau kanta ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne 1503. A watan Disamba na shekarar George na Landshut, wanda ake kira Mai Arziki, ya rasu ba ɗa namiji a raye. Bisa yarjejeniyar gidan, ƙasarsa ta ɗan'uwansa Albrecht na Huɗu na Munik ce. Amma George ya bar wasiyya cewa 'yarsa Elisabeth da mijinta Ruprecht su gada. Ni kam ban ga laifin uba don ya so 'yarsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan wasiyya. A 1504 yaƙi ya ɓarke, sojojin haya suka bi ƙauyuka suna ƙonawa suna kwasar ganima. Manomin da aka ƙone wa rumbu, wa ya tambaye shi wanda yake so ya mulke shi? Ita Elisabeth da mijin nata kuwa, atuni ya kashe su duka a shekarar, suka bar marayu biyu ƙanana.

A 1505, a birnin Kolon, Maximilian, sarkin Jamus na lokacin, ya yanke hukunci. Albrecht ya sami kaso mafi tsoka, aka yanka wa marayun sabuwar ƙasa a Neuburg. Shi mai raba gardamar kuma bai tashi hannu rabbana ba, ya haɗa Kufstein da Kitzbühel da Rattenberg da ƙasarsa ta Tirol, waɗannan garuruwa kuwa yanki ne da ake haƙar azurfa da jan ƙarfe a lokacin.

Albrecht ya ga uwar bari. A 1506 ya kafa doka: ba a ƙara raba Babariya, ɗan fari kaɗai ke gado. Ya rasu a 1508. Sai ɗansa Ludwig ya tashi ya ce ai an haife shi kafin a yi dokar, saboda haka ba ta shafe shi ba. A 1514 dole wansa Wilhelm ya yarda su yi mulki tare, Ludwig ya koma Landshut da zama.