Ba laifin injin ba ne, zoben nan ne ba ku murɗa ba

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi abin nan yana ƙona min rai: mutum ya ɗauki injin huda mai batir lafiyayye, ya cinye kan sukuru, ya tsaga katako, sannan ya ce injin ne ba shi da kyau. Haba! Ku matso ku gani.

Zoben nan da ke bayan bakin injin, mai lambobi daga 1 zuwa wajen 20, ba don ado aka yi shi ba. Shi ke ƙayyade ƙarfin murɗi. Da zarar sukuru ya kai ƙarfin da ka sa, sai ka ji tarrr, injin ya saki, kan sukuru ya tsira. Ƙaramin sukuru a allon kabad, fara daga 4 ko 5. Bai nutse ba? Ƙara biyu, sake gwadawa, har kansa ya yi daidai da fuskar katakon. Alamar tsinke, wato ƙarfen da ke huda rami, da ke ƙarshen zoben kuwa ta huda ce kawai, a can injin ba ya saki. Ka ɗaura sukuru a nan, ko ya nutse ya wuce, ko ya karye a ciki, kai kuma ka shiga aikin tono.

Sai maɓallin sama, mai 1 da 2. Giya ce, kamar ta mota a kan tudu: ta ɗaya a hankali amma da ƙarfi, juyi wajen 500 a minti, ita ce ta sukuru da manyan ramuka. Ta biyu tana kai 1,500 zuwa 2,000, ta ƙananan ramuka ce. Ina gargaɗinku, kar ku canja giya injin yana juyawa, haƙoranta za ku ci.

Yanzu ga bakunan ɗaura sukuru iri biyu, waɗanda ake sa wa injin. A ido duk gicciye ne, ko ba haka ba? Amma ɗaya PH2 ne, ɗayan kuma PZ2. Kalli kan sukurun da kyau: in ka ga wasu siraran layuka huɗu a tsakanin gicciyen, PZ ne, kuma a nan Turai yawancin sukurun katako haka suke. Ka sa masa PH, zai riƙa tsalle yana gurje kan har ya zama rami. Ni dai in an ba ni zaɓi, mai tauraro nake so, T20 ko T25, ba ya zamewa. Kuma ka danna da nauyinka, injin da sukuru su miƙe a layi ɗaya, ka ja kunamar sannu sannu.

Kusa da gefen katako, fara huda ɗan rami kafin sukuru. Sukuru mai kaurin milimita 4, tsinke 2.5 a katako mai laushi, 3 a mai tauri. Ƙarfe kuwa tsinken HSS, wato na huda ƙarfe, a ɗan buga masa alama da ƙusa don kar tsinken ya yi yawo, a ɗiga mai, a tafi a hankali. In bakin ya yi shuɗi, ya ƙone ke nan.

Af, batir ya tuna min. Masu taƙama da cewa nasu mai volt 20 ne ya fi mai 18, ku yi haƙuri, duk ɗaya ne. Ƙwayoyi biyar ne a ciki, kowace volt 3.6, jimla 18, in sun cika taf kowace ta kai wajen 4, jimla 20. Lambar Ah, wato 2.0 ko 5.0, ita ke nuna daɗewa, amma mai 5.0 hannunka zai ji shi idan kana aiki a sama. Kuma kar ka sa shi caji yana sanyi ƙarara, bar shi ya ɗan ɗumama a ɗaki.

To bango. Mu da muka saba da bulo da kankare, a nan Turai sai ka ƙwanƙwasa ka ji fanko: allo ne mai kaurin milimita 12.5, da ginshiƙai a baya duk santimita 40 ko 60. Abu mai nauyi, nemo ginshiƙin, kar ka dogara da allo. In bulo ne, tsinken dutse, a murɗa zoben zuwa alamar guduma. Robar bango, wadda ake cusawa a rami ta riƙe sukuru, in mai milimita 6 ce, tsinke ma mai 6, ramin ya fi robar zurfi da santimita ɗaya. Naɗa salatif a jikin tsinken ka san inda za ka tsaya, ka kuma fitar da ƙurar. Tayil kuwa ban da guduma, nan take zai dare.

Kar ka kuskura ka huda sama, ƙasa ko gefen soket kai tsaye, nan wayoyin wuta ke bi. Babban rami kuma riƙe da hannu biyu, domin idan tsinke ya cije, injin ne zai juya ya murɗe maka wuyan hannu. In ya cije, saki kunama, danna maɓallin da ke sa injin ya juya baya, ka zare shi a hankali.