Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Wasanni a Ziyararsa Sashen Labarin Wasanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe, a madadin hukumar wannan gidan talabijin da ma'aikatan sashen wasanni, ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka.

Shirin labarin wasanni da ka zo dubawa gado ne muka tarar. A nan Kaduna aka buɗe gidan talabijin na farko a Arewa a shekarar 1962, wato RKTV, shekara uku bayan na Ibadan, kafin gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar nan a ƙarƙashin NTA a 1977. Magabatanmu a wannan aiki da fim suke ɗaukar wasa, sai an dawo daga fili an wanke shi an yanka an haɗa kafin lokacin labarai, don haka mai ɗaukar hoto ba ya danna kyamara sai ya ga ƙwallo ta doshi raga, domin fim ɗin ƙididdigagge ne. Da wannan ƙarancin kayan aiki suka sa mutanen gari suka san fuskokin 'yan wasan da a da sai dai su ji sunayensu a rediyo.

Abin da ya riƙe shirin tun daga wancan zamani shi ne wasannin gida: dambe, kokawa, folo, da ƙwallon ƙafa a filin wasa na Ahmadu Bello. Dattawan cikinmu ba su manta da 1988 ba, shekarar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ranchers Bees ta nan Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofuna ta Afirka, ta kara da Bizerte ta Tunisiya. Matasanmu kuma sun shaida gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, waɗanda Kaduna ta karɓi baƙuncin wasu wasanninsu.

Ranka ya daɗe, yau gidajen kallon ƙwallo da tauraron ɗan'adam sun janye mana masu kallo zuwa gasannin Ingila da Sifaniya, kuma ba mu da ƙarfin gogayya da su a wannan fage. Amma ɗan damben da ya yi kisa a dandalin unguwa, ko yarinyar da ta ciyo tseren makarantu, babu tashar waje da za ta nuna su in ba mu ba.

Kokenmu guda ne. Tsofaffin kaset-kaset ɗinmu suna jibge a ɗakin ajiya, damshi da ƙura suna cinsu, wasu zarensu ya manne, injin da ke karanta su ma ya yi wuyar samu. Muna roƙon ma'aikatarka ta tallafa a kwashe su zuwa kwamfuta tun da sauran abin da za a ceto.

Bayan wannan zama, da izininka, za mu zagaya da kai ɗakin ajiyar ka gane wa idonka. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.