Pierre Bourdieu: ɗan ƙauyen da ya binciki makaranta

Ku dubi yara biyu a aji ɗaya. Na farko yana ɗaga hannu ya yi magana kamar yana tsakar gidansu. Na biyu ya san amsar, amma ya yi shiru don kada a yi wa karin harshensa dariya. Pierre Bourdieu, masanin ilimin zamantakewa ɗan Faransa, ya taɓa zama a kan bencin yaro na biyun.

An haife shi a 1930 a Denguin, wani ƙauye a kudu maso yammacin Faransa, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ƙwazo ya kai shi École Normale Supérieure, wata fitacciyar makarantar gaba da sakandare a Paris, inda ya karanta falsafa cikin 'ya'yan manyan birni.

A 1955 aka tura shi Aljeriya aikin soja, ana tsaka da yaƙin neman 'yanci. Da ya gama bai tattara ya koma gida ba. Ya koyar a jami'ar Aljiyas, ya shiga ƙauyukan yankin Kabiliya da sansanonin da sojojin Faransa suka tara manoman da aka raba da gonakinsu, yana tambaya, yana ɗaukar hoto. Can ne ilimin zamantakewa ya shiga jininsa.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne "jarin al'ada". A ganinsa, gadon da iyaye ke bar wa yaro ya wuce kuɗi. Akwai littattafan da ke kan kanta a gida, da yadda ake hira a kan abinci, da sanin yadda za ka tsaya gaban malami ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. Makaranta sai ta auna wannan gadon ta kira shi hazaƙa, wanda bai gada ba kuma ya ɗora wa kansa laifi. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo. Bourdieu da abokin aikinsa Jean-Claude Passeron suka nuna haka a 1964 a binciken da suka yi kan ɗaliban jami'o'in Faransa.

Ya auri Marie-Claire Brizard a 1962, suka haifi 'ya'ya maza uku. A 1981 aka zaɓe shi farfesa a Collège de France, ƙololuwar ilimi a ƙasar. Duk da haka, a Disambar 1995 ya je tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon da ke Paris ya yi wa ma'aikata masu yajin aiki jawabin goyon baya. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa a Paris, ranar 23 ga Janairun 2002.