Daƙiƙar Ƙari da Saɓanin Agogo da Juyawar Duniya

Jama'a masu sauraro, a daren 31 ga Disamban 2016, agogon da ƙasashen duniya suka amince da shi, wato UTC, ya nuna ƙarfe 23:59:59, kuma maimakon ya shiga sabuwar shekara sai ya nuna 23:59:60. Minti na ƙarshe na wannan shekara daƙiƙa 61 gare shi. Wannan ita ce daƙiƙar ƙari, kuma tun daga 1972 sau 27 aka yi irin wannan ƙari.

Tushen al'amarin shi ne ma'auni biyu muke da su. Tun fil azal ɗan Adam da rana yake auna lokaci, har ya kasa yini zuwa daƙiƙa 86,400. Amma a 1967 masana suka ɗora ma'anar daƙiƙa a kan ƙwayar zarra ta sinadarin siziyom, suka ce daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da ita. Agogon zarra ba ya gajiya. Duniya kuwa tafiyarta ba ɗaya ba ce, domin wata yana jan ruwan teku, gogayyar ruwan da doron ƙasa tana rage mata sauri sannu a hankali, ga iska da narkakken cikin ƙasa su ma suna taɓa juyawarta. Saboda haka wata hukuma mai lura da juyawar duniya, IERS, da ke da cibiya a Paris, take sa ido, idan tazarar da ke tsakanin agogon zarra da juyawar duniya ta doshi kashi 9 cikin 10 na daƙiƙa sai ta ba da sanarwa kimanin wata shida kafin a yi ƙarin, a ƙarshen Yuni ko Disamba.

Abin da ya fi damuna shi ne kwamfuta, wadda aka gina bisa cewa minti daƙiƙa 60 ne. A ƙarshen Yunin 2012 na'urori masu yawa da ke aiki da manhajar Linux sun rikice, shafuka sun tsaya, har tantance fasinjojin jirgin sama ya samu tsaiko a Ostireliya. Kamfanin Google ya zaɓi ya riƙa rarraba daƙiƙar cikin sa'o'i da dama, wasu kuma suna bin wata hanyar dabam, ka ga an koma saɓanin da ake gudu.

A 'yan shekarun nan ma duniya ta ɗan ƙara sauri, har ana tunanin wata rana a cire daƙiƙa, abin da ba a taɓa gwadawa ba. A Nuwamban 2022 babban taron ma'aunai da aka yi a birnin Versailles na Faransa ya yanke shawarar a daina wannan gyara nan da 2035, a bar tazarar ta faɗaɗa. Ni ina goyon bayan haka, domin za a ɗauki gomman shekaru kafin saɓanin ya kai minti guda, masu nazarin taurari kuma za su ci gaba da samun ainihin lissafin juyawar duniya daga IERS.