Kafin a Ɗaura Karaban: Nauyi, Tanki da Shan Mai a Hanyoyin Ostireliya

Malam Bashir: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Bashir ne ke magana daga birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya. Tare da ni akwai Injiniya Rabi daga Perth, da kuma Alhaji Isuhu, wanda ya daɗe yana tuƙi tsakanin Agadas da Dirku kafin zama ya kawo shi wajen 'ya'yansa a nan. Batun yau ya shafe ni kai tsaye. Ni da maiɗakina mun yanke shawarar sayen karaban, wato ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaurawa a bayan mota, mai gado da madafa da banɗaki, domin mu ɗebi yara mu kai ziyara Perth ta hanyar Eyre, wato babbar hanyar da ta haɗa kudancin ƙasar da yammacinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne motar da za ta ja shi ba tare da kuɗin mai ya cinye guzurin tafiyar ba. Injiniya, na je wajen wani dillali a makon jiya, ya ce mini duk motocin da ke gabansa suna jan kilo 3,500, in zaɓi wadda ta kwanta mini kawai.

Injiniya Rabi: Wa'alaikumus salam, Malam Bashir. Dillalin bai yi ƙarya ba, amma ya faɗa maka rabin magana. Gaskiya ne cewa LandCruiser 300 da Nissan Patrol da Ford Ranger da Isuzu D-Max da Hilux duk an rubuta musu kilo 3,500 idan tirelar tana da birkinta. Sai dai wannan adadi ɗaya ne cikin adadi huɗu da doka take dubawa. Akwai iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, wanda ake rubutawa GVM. Akwai iyakar nauyin mota da karaban a haɗe, wato GCM. Sannan akwai nauyin da kan karaban yake dannawa a kan ƙugiyar mota, wanda a nan yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban ɗin, kuma wannan nauyi motar ce ke ɗauke da shi, saboda haka a cikin lissafinta yake shiga.

Malam Bashir: Ki ba mu misali da mota ɗaya, domin lissafin ya zauna a kai.

Injiniya Rabi: Mu ɗauki Hilux ta shekarar 2021, tunda babu wanda bai san ta ba daga Kano har Agadas. Iyakarta ita da abin da take ja kilo 5,850 ne. Idan ka cire karaban mai kilo 3,500, saura 2,350. Motar kanta, babu kowa a ciki, ta kai kimanin 2,100. Abin da ya rage maka ke nan kilo 250 ko kusa da haka, kuma a cikinsa ne za ka shiga, maiɗakinka ta shiga, yara uku su shiga, ga firij, ga jarkokin ruwa, ga ƙarfen kariya da ake sa wa gaban mota saboda dabbar kangaru. Kafin ka bar ƙofar gida ka wuce iyaka.

Alhaji Isuhu: Injiniya, wannan magana taki ta taɓa ni. A can hamada mun sha lafta wa kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, kaya har bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga sama, kuma duk direban da ya yi wannan hanya ya san abin da ke biyo baya. Sitiyari yakan yi sakwa-sakwa a hannu, domin tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai ba, birki kuma sai ka taka tun daga nesa. Motar da ke tafe ita kaɗai ke nan. To ina ga wadda ke jan ɗakin da ya fi ta nauyi, iska kuma tana dukansa ta gefe? Ni abin da na fi jin tsoro shi ne wutsiya ta riƙa kaɗa mota.

Injiniya Rabi: Abin tsoro ne kuwa, Alhaji, shi ya sa nake ba da shawarar kada karaban ya fi motar da ke jansa nauyi, ko da doka ta yarda. Ko babbar motar ma ba ta tsira daga wannan lissafi ba. LandCruiser 300, wadda ta fito a 2021, iyakarta ita da abin da ke cikinta kilo 3,280 ne, nauyinta kuma tsakanin kimanin 2,500 da 2,630 gwargwadon samfuri. Idan ƙugiya ta ɗauki kilo 350, abin da ya rage wa mutane da kaya bai kai 450 ba, a wasu samfurori ma bai kai 350 ba. Na ga wannan da idona. Shekarar da muka sayi namu karaban, muka loda komai kamar ranar tafiya, muka cika tankunan ruwa biyu, muka je sikelin manyan motoci. Mai aikin ya sa muka hau da motar ita kaɗai, muka sake hawa da karaban a ɗaure, sannan ya miƙo mini 'yar takarda ta taga. Na tsaya a rana ina dubawa, sai na ga motar ta haura iyakarta da kilo 90. A nan gefen sikelin muka sauke akwatin kayan aiki da janareta da buhun shinkafa, muka mayar da su cikin karaban daidai saman tayoyi, aka sake aunawa, sannan hankalina ya kwanta.

Malam Bashir: To, mu zo kan mai, domin nan ne aljihuna yake. A takarda an ce LandCruiser 300 tana shan lita 8.9 a kilomita 100, Patrol mai injin fetur V8 kuma lita 14.4. Shin wannan bai raba gardama ba?

Injiniya Rabi: Waɗannan adadi an samo su ne da mota wadda ba ta jan komai, don haka amfaninsu shi ne kwatanta mota da mota, ba tsara tafiya ba. Tamu Prado ce ta dizal, mai injin lita 2.8. Idan ba ta jan komai takan sha mini lita 10 zuwa 11, amma da karaban mai tan biyu da rabi takan kai 16 zuwa 17, ranar da muka fuskanci iska kuwa a filin Nullarbor, wanda hanyar Eyre ta ratsa, sai da ta taɓa 20. Dizal ya fi dacewa da ja saboda dalili biyu. Litar dizal ta fi litar fetur ƙunsar makamashi, sannan injinsa yana ba da ƙarfin murɗawa tun yana juyawa a hankali. A ma'aunin wannan ƙarfin murɗawa, wato Nm, LandCruiser 300 tana ba da 700, Ranger mai V6 tana ba da 600, Patrol kuma 560, amma ita sai injin ya ɗaga murya kafin ta kai wannan ƙarfi, kuma fetur mai tsada take buƙata. Duk da haka ba na raina Patrol, domin kuɗin sayenta ya gaza na LandCruiser da tazara mai yawa, kuma wanda zai ja karaban sau biyu kawai a shekara zai daɗe kafin kuɗin fetur ya cinye wannan rara.

Alhaji Isuhu: Ni kuma, Malam Bashir, abin da nake fara tambaya a kowace mota shi ne girman tankinta. Direban hamada ba ya lissafi da lita, yana lissafi ne da nisan da ke tsakaninsa da mai na gaba. Lokacin da ɗana ya kai ni Coober Pedy ta hanyar Stuart, daga Glendambo sai da muka yi kimanin kilomita 250 ba mu ga gidan mai ba, sai jar ƙasa da ƙananan itatuwa, har na ji kamar na koma gida. A hanyar da kai za ka bi, daga Ceduna zuwa Norseman kusan kilomita 1,200 ne, kuma tazara mafi tsawo tsakanin gidajen mai ita ce ta ƙarshe, daga Balladonia zuwa Norseman, wajen kilomita 190. Hilux tankinta lita 80 ne. Idan tana shan 18, lissafi zai ba ka kilomita 440, amma mai hankali ba ya barin allura ta sauka ƙasa da kwata, saboda haka abin da kake da shi a hannu wajen 330 ne. Za ta kai ka, sai dai kusan kowane gidan mai ka gani dole ka tsaya ka sha a farashin da ka tarar, kuma man daji ya fi na gari tsada nesa ba kusa ba.

Injiniya Rabi: A nan ne tsohuwar Prado, ƙirar 150, ta yi fice. Wadda tayarta ta ajiya ke manne a ƙofar baya tana da tanki biyu, lita 150 a haɗe, ko da yake kilo 3,000 ne iyakar janta. Sabuwar Prado ta 2024 ta hau 3,500, amma tankinta ya sauka zuwa lita 110, daidai da na LandCruiser 300. Patrol kuma 140 take ɗauka.

Malam Bashir: Abin da nake fahimta shi ne, tsakanin motocin dizal ɗin nan bambancin shan mai bai kai yadda na zata ba.

Injiniya Rabi: Haka ne, kuma wannan ita ce maganar da na fi so masu sauraro su riƙe. Karaban da ƙafar direba su ne ke yanke yawan man da za a ƙona, fiye da sunan da ke gaban mota. Karaban mai tsayin mita uku kamar bango yake da kake turawa cikin iska, kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ƙaruwa ne da gudu sau kansa. Daga kilomita 90 a sa'a zuwa 100, turjiyar takan ƙaru da kusan kashi 23 cikin 100, daga 90 zuwa 110 kuwa ta kusa ƙaruwa da rabi. Abin da za ka samu a tafiyar kilomita 500 idan ka yi 100 maimakon 90 bai wuce minti 33 ba. A jihar Yammacin Ostireliya ma doka ba ta yarda mai jan tirela ya wuce 100 ba, ko da allon hanya ya nuna 110. Ka auna da masu zagaya ƙasar nan ta babbar hanya mai lamba 1, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 14,500, galibinsu dattawan da suka yi ritaya. Wanda motarsa ke shan lita 16 zai ƙona lita 2,320, mai shan 20 kuma 2,900. Lita 580 ke nan tsakaninsu, kuma ana iya samun wannan bambanci da mota iri ɗaya, idan ɗaya yana jan karaban mai rufin da ake saukewa a 90, ɗayan kuma yana jan dogo a 100.

Alhaji Isuhu: Sai dai mai tafiya a hankali ya tuna da waɗanda ke bayansa. Tirelolin nan masu jan bodi uku, tsawonsu yakan wuce mita 50, kuma direbansu yana kan aiki ne. Idan ka hango shi a madubi, kada ka taka birki ba zato. Ka riƙe gudunka, ka bari ya fito ya daidaita da kai, sannan ka ɗan sassauta ya wuce, hannunka biyu a kan sitiyari, domin iskarsa za ta tura karaban ta kuma jawo shi. Wata al'ada kuma da na taho da ita daga hamada: duk inda na tsaya, kafin in sha ruwa sai na zagaya na kai bayan hannuna kusa da kowace taya da cibiyarta. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana, ko iska ta ragu, ko birki yana kamawa, kuma duka biyun mai suke sha kafin su kai ga ɓarna.

Malam Bashir: Akwai tambayar da wani aboki ya yi mini, na kasa amsawa. Hanyar Eyre kwalta ce tun daga farko har ƙarshe. Me ya sa sai mota mai jan ƙafa huɗu?

Injiniya Rabi: A kan busasshiyar kwalta ba dole ba ne. Abin da ya sa ake sayen su shi ne su ne ke da ƙashin ƙarfe da nauyi da sanyaya injin da ja yake buƙata. Amfanin ƙafa huɗu yana fitowa ne idan za ka tashi da karaban a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko yashi, ko kana mayar da shi baya a kan tudu da ƙaramar giya, ko kuma ka nufi hanya irin Gibb River a yankin Kimberley, mai kimanin kilomita 660, yawancinta tsakuwa da gargada da mashigan ruwa. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Prado da LandCruiser 300 kullum ƙafa huɗu suke ja. Hilux da D-Max kuwa ƙafar baya suke ja a kwalta, kuma ba a sa musu ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta, domin hakan yana ɗaure ƙarafan da ke juya tayoyi. Ranger mai V6 tana da tsarin da ke raba ƙarfin da kansa, wanda ya dace da kwalta ranar ruwan sama. Kada kuma ka manta da birki. A dokar ƙasar nan duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, wadda ta wuce 2,000 kuma sai da birki a kowace taya da na'urar da za ta tsayar da ita idan ta tsinke daga mota. Saboda haka ka sa kuɗin na'urar sarrafa birki da madubin gefe na jan tirela a cikin kasafinka.

Malam Bashir: To, ga inda na tsaya. Na fasa babban karaban da na gani mai kilo 3,200. Zan nemi wanda cike da kaya da ruwa bai wuce 2,300 ba, mai rufin da ake saukewa, sannan in duba Prado 150 ta hannu mai tanki biyu, ko Isuzu MU-X idan farashin Prado ya fi ƙarfina.

Alhaji Isuhu: Idan ta hannu ce, Malam Bashir, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta da fitila, ka dubi ƙugiyar ko ta ci, ka tambayi yaushe aka canza man giya, domin motar da ta sha ja a giya take fara nuna gajiya.

Injiniya Rabi: Kuma ka nemi mai karaban ya yarda ku kai shi sikeli kafin ka biya, domin nauyin da ke rubuce a jikinsa na ranar da ya fito daga masana'anta ne, kafin a ƙara masa batir da faifan sola da rumfa. Ka turo mini takardar sikelin, mu yi lissafin tare.

Malam Bashir: Zan turo, in sha Allahu. Injiniya, Alhaji, na gode ƙwarai. Masu sauraro, sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.